Na Sayar da Tabarau, Na Sayo Iska

Na je Ankara, babban birnin Gana. An ba ni kyautar tabarau na miliyoyin naira. Na sayar da shi, na sayo injin hura iska. Abin da ya faru ke nan.

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A teburin mai shayi a Gummi tambaya, a kasuwar Anka tambaya. Har a wurin jana'iza wani ya matso kusa da ni ya ce, "Ummaru, wai da gaske ana ganin aljannu a cikinshi?" Na gaji. Ni ba na rubutu. Na faɗa, an rubuta. Duk wanda ya sake tambaya, a karanta masa.

Haƙar zinariya nake yi a wajen Gwashi. A can Ragowar Rami ake ce mini. Mu biyar muka shiga rami wata rana, ni kaɗai aka jawo da rai. Ramin bai rufta ba, iskar ciki ce ta lalace. Cikin waɗanda suka rasu har da ƙanena Bello, uwa ɗaya uba ɗaya. Idona na hagu kuwa ɓarɓashin dutse ya tafi da shi tun kafin nan. Babban yatsa da manuniya na hannun dama, injin niƙa dutse ya cinye su.

Ga yadda muke kai iska rami. Mukan ɗinka baƙar leda doguwa kamar hannun riga, mu buɗe bakinta a sama ta kamo iska, mu zura jelar ciki. Kafin kowa ya sauka, sai a zura fitila a cikin guga. In ta mutu, a dakata. Amma dakatawa ba ta ciyar da gida. Gonakinmu suna cikin daji, 'yan bindiga sun hana zuwa. Ramin da muke ci a yanzu ya yi zurfin da leda ba ta kai wa ƙasansa, kuma ɗana Nasiru, mai mata da goyo, yana cikin masu sauka. Injin hura iska muke buƙata, da ɗan janareta, da tiyo mai tsawo. Mun yi karo-karo, ko rabi bai kai ba.

Ana nan sai ga Malam Haruna, mutumin Anka, ma'aikacin wata ƙungiya da ke bin lafiyar masu haƙa. Ya taɓa zuwa ya ɗauki labarina a waya. Ya ce an gayyace ni taro a Gana, kuma za a raba kayan kare rayukan masu haƙa. Ban tambaye shi wane irin kaya ba. Abu ɗaya na sani da ke kare rai a rami.

Na je yi wa Inna sallama. Tun rasuwar Bello ba ta yawan magana. Ta dube ni ta ce, "Tahi. Amma kar ka dawo min da labari. Labari ina da shi."

Ba ni da fasfo, sai ɗan katin tafiya da Malam Haruna ya nema mini, don haka ta mota muka bi. Babur ya kai mu Gummi. Daga nan muka shiga mota zuwa Jega, mutum biyu a kujerar gaba, da buhun shinkafa a kan ƙafafuna. Malam Haruna ya sa fararen kaya masu sitaci. Kafin Jega sun koma launin kunun kanwa. Na ce masa, "Malam, yanzu ka yi kama da mai neman abinci."

A iyakar ƙasar Binin wani jami'i ya karɓi katina, ya dubi hoton, ya dube ni, ya dubi hannuna. Ya ce ina sauran yatsun. Na ce suna can yankinmu, Bukkuyum, in yana so ya aika a kawo. Malam Haruna ya taka mini ƙafa. Jami'in ya yi dariya, ya karɓi na goro, muka wuce.

Da muka tsallaka, magana ta koma Faransanci. Turancin Malam Haruna ya mutu, muka zama kurame mu biyu. Wata Bafulatana mai sayar da cuku ce ta cece mu. Na gaishe ta da ɗan Fulatancin da na tsinta wurin maƙwabtanmu na ruga, ta yi ta dariyar bakina, sannan ta nuna mana motar Kandi. Ta kuma sayar mini da cuku a kuɗin da daga baya na gane ninki ne. Ban ji haushi ba.

Mutanen can suna cin burodi dogo kamar sandar kiwo, mai yanka dadashi. A Paraku na ci sakwara da miyar gyaɗa, ta zauna mini. A Kwatano babura sun fi na Anka yawa nesa ba kusa ba, har mata na tuƙawa da goyo a baya. A Lome na ga teku. Ruwa ne. Ya fi gulbin Gummi girma, amma ba a sha, ba a noma shinkafa a bakinsa. Malam Haruna ya ce in tsaya ya ɗauke ni hoto. Na ce ya ɗauki ruwan.

A Ankara aka kai mu otal mai hawa da yawa. Aka nuna mini wani ɗan ɗakin ƙarfe wai shi zai ɗaga mu sama. Na leƙa. Rami ne, sai dai sama yake tafiya. Na bi matakala. Ɗakin da aka ba ni tagarsa ba ta buɗuwa, sanyi na fitowa daga bango. Tun abin da ya same ni ba na zama inda ban ga hanyar iska ba. Na ɗauki jakata na sauko. Maigadin otal ɗin Bahaushen zango ne, wato unguwar Hausawan can, ya haɗa ni da gwaggonsa, Mma Zenabu, mai sayar da shinkafa da wake a unguwar. Ta ba ni tabarma a baranda.

Hausarsu daban ce. Mace ma "shi" suke ce mata. Mma Zenabu ta ce tawa Hausar ce mai wuya, wai kamar ina tauna tsakuwa. Shinkafa da wakenta ja ce, ana dafa ta da karan dawa, a zuba mata garin rogo da taliya da wani baƙin yaji mai ƙarnin kifi. Na ce abinci huɗu ne a kwano ɗaya. Ta ce, "Ci, ɗan Najeriya, kana da ƙashi ba nama." Ta kuma ba ni dokunu, tuwon masara mai tsami da aka naɗe a ɓawo. Wannan kam na bar mata.

Ranar taro aka kai ni wani babban zaure. Na zagaya da idona ina neman injuna. Babu. Tebura ne da fararen ƙyallaye, a kan kowanne an ɗora wani abu kamar gilashin masu walda.

Mai abin wata 'yar Gana ce, Madam Efuwa, injiniya. Abin shi ne tabarau ɗin, amma ba ita da mutanenta suka ƙera shi ba, daga ƙasar waje ake sayo shi. Su abin da ake gani a ciki suka haɗa. Malam Haruna na fassara. Ta ce kawunta a ramin zinariya ya mutu, shi ya sa ta shiga wannan aiki. Na yarda da ita. Wanda aka yi wa irin wannan rashin yana da yadda yake faɗa.

Ta ce in cire hula. Na cire. Ta ɗaura mini.

Kuna tambaya yaya yake. Gabansa gilashi ne mai santsi, gefensa ƙarfe, inda ya taɓa fuska laushi kamar kunnen ɗan akuya. Aikin hannu kam an yi. Amma yana da nauyi, kuma duk nauyin a gaba yake, yana jan fuska ƙasa. Batirinsa daban ne, kamar sabulun wanki, da igiyar da ta bi ta kafaɗa zuwa aljihu. Abin mamaki, da aka rufe mini ido da shi ban daina ganin zauren ba. Ga Malam Haruna, ga tebura, sai dai wasu hotuna sun tsaya a iska tsakanina da su.

Daga nan rigima ta fara. Wai da ido ake nuna masa abin da ake so, sannan a haɗa babban yatsa da manuniya a ɗan matsa. Ya nemi idona na biyu, bai samu ba. Ya nemi yatsun, bai samu ba. Madam ta yi ta latse-latse har ta lallashe shi ya yarda da ido ɗaya da hannun hagu. Tana ta ba ni haƙuri. Na ce wa Malam Haruna, "Gaya mata ba laihinta ba ne. Wanda ya ƙera wanga abu bai taɓa zuwa bakin rami ya ƙirga yatsun mutane ba."

Bai fassara ba.

Sai ta murɗa wani ɗan maɓalli. Zauren ya dushe a hankali, ya tafi.

Ina cikin rami.

Ba wani rami ba, namu. Ga ramukan taka ƙafa da muke sassaƙawa a bango. Ga igiya. Ga jelar baƙar leda tana lilo can sama, ba ta iso ba. Daga labarin da na ba Malam Haruna suka gina shi. Na san a zaure nake, na san takalmina na kan darduma, amma sai da na sunkuyar da kai kada in bugi dutse. Na miƙa hannu zan dafa bango. Duk wanda ya ce muku abin wasan yara ne, bai sa ba.

Na juya. Mutane huɗu a kwance. Ɗaya da jar riga. Ni na faɗa wa Malam Haruna Bello jar riga ya sa ranar.

Na fizge tabarau ɗin, batirin ya faɗo daga aljihuna yana lilo. Hasken zaure ya dawo. Mutane sun kewaye ni da wayoyi a sama, ashe abin da nake gani su ma suna gani a wani babban allo. Suka yi tafi.

Tafi.

Madam ba ta yi ba. Ta ga fuskata.

Aka zauna, ta hau mumbari ta yi bayani. Malam Haruna na raɗa mini. Ta ce da wannan za a koya wa mai haƙa haɗarin rami ba tare da ya shiga ba. Wani mai ƙaton ciki ya tambayi kuɗinsa. Ta faɗa da dala. Malam Haruna ya lissafa, ya ce, "Ummaru, sababbin babura uku ne, har da canji." Zauren ya yi gunaguni. Ta ce haka wayar hannu ta fara, ta masu kuɗi ce, yau ga ta a hannun mai tallan gyaɗa. Ta ce za a yi marasa nauyi, masu araha, a yi haƙuri.

Sannan ta kira ni. Ta miƙo mini sabo a cikin farin kwali, ta ce in kai gida in koya wa abokan aikina. Aka ba ni abin magana.

Na ce wa Malam Haruna, "Wanga karo ka hwaɗi duk abin da na ce. In ka rage, zan gane a huskarsu."

Na ce abin yana aiki, na gani. Na ce mai yiwuwa wata rana ya yi araha, ban sani ba, ni ba mai duba ba ne. Amma waya ana sa ta a aljihu, ba wanda ya san kana da ita. Wannan a goshi ake ɗaura shi. A garinmu wanda ya ɗaura babura uku a goshi, kafin la'asar 'yan bindiga sun san sunan kakansa. Cajin waya layi muke bi wurin mai sola. Sabis sai an hau tudu. Zufa da ƙurar dutse kuwa, tocilar da muke ɗaurawa a kai da robar taya ma wata biyu take yi.

Na ce, "Kuma mi zan koya musu? Cewa iskar rami na kisa? Su sunka jawo gawar Bello. Sun sani. Suna sane suke sauka, don akwai yara a gida. Iska muka rasa, ba sani ba."

Malam Haruna ya fassara. Na juya wurin Madam.

"Wanga abu, kyauta ne ko aro? In aro ne, riƙe kayanki, na gode. In kyauta ne, ki sani yau zan kai shi kasuwa in sayo injin iska. Ba zan ɓoye miki ba."

A wurinmu ba a sayar da kyauta, balle a faɗa a gaban mai ita. Na sani. Inna ta koya mini kamar yadda aka koya wa kowa. Malam Haruna ya kama hannun rigata, ya ce, "Don girman Allah, Ummaru, aikina!" Wani daga cikin manyan taron ya miƙe yana magana da sauri. Madam ta ɗaga masa hannu. Ta daɗe tana duban kwalin. Ta yi tambaya ɗaya: wa ke sauka ramin yanzu? Na ce ɗana.

Ta ce, "Kyauta ne."

Wannan ba a yi masa tafi ba.

Na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe sayar da shi ne aikin. Mma Zenabu ta haɗa ni da wani ɗan zango, Awudu, dillalin wayoyi a babbar kasuwarsu. Kafin mu fita ta ce in bar mata kwalin ta riƙa ajiye sarƙoƙinta. Awudu ya ce in babu kwali kuɗin ya faɗi. Ta ce, "To ku sayar da kwalin, ku ba ni gilashin in riƙa yanka albasa."

Muka bi shaguna. Kowa sai ya fito ya kalla, ya shafa, ya ɗauki hoto da shi, sannan ya mayar. Wani ya buɗe kabad ya nuna mini irinsa guda biyu, ƙura ta hau su. Ya ce masu kuɗi ke saye, su sa mako guda, wuya ya yi ciwo, su rasa abin da za su yi da shi, su dawo da shi. Wani ya ce abu ne na mutum ɗaya. Ka sa, iyalinka na zaune suna kallonka kana kama iska da yatsu. Ya ce talabijin ta fi, ko ba komai ana kallo tare.

Na ce wa Awudu, "To ina miliyoyin?"

Ya ce, "Baaba, miliyoyin suna wurin saye. Wurin sayarwa babu shi."

A ƙarshe wani mai shagon wasannin yara masu kuɗi ya taya. Ko rabin kuɗinsa bai kai ba. Awudu ya ce mu jira, wataƙila wani mako a samu mai ƙari. Na ce Nasiru ba ya jiran wani mako. Na sallama.

Gana ƙasar masu haƙa ce, kayan rami ba su da wuyar samu. Na sayi injin hura iska, na hannu amma mai lafiya, da ɗan janareta, da tiyo nannaɗe har biyu. Na sa aka tayar da shi a gabana. Na kara fuskata a bakin tiyon har hulata ta tashi. Abin da ya rage na ba Awudu ladansa, na saya wa Mma Zenabu akwatin roba na sarƙoƙi. Ta ce bai kai kwalin kyau ba. Gaskiyarta.

Dawowa ta fi zuwa wuya. Tabarau da an sa shi a jaka, ba mai gani. Inji kuwa kowane shinge sai an sauke shi. A wata iyaka jami'i ya ce mene ne wannan. Na ce iska ce. Ya ce iska ma sai an biya mata. Aka biya. Malam Haruna bai yi mini magana ba har Paraku. A can motarmu ta lalace, muka sauke kaya a bakin hanya, ya ɗauki tiyo ɗaya a kafaɗa ba tare da na roƙe shi ba. Ya ce, "Ka kashe ni, Ummaru." Na ce, "Ga ka kana tahiya." Har yau yana wurin aikinsa, sai dai ya ce ba zai ƙara kai ni ko Gusau ba.

A gida magana ta rabu biyu. Wasu sun ce na yi wauta, na sayar da abin miliyoyi a kuɗin banza. Wasu sun ce na kunyata mu a ƙasar mutane, na sayar da kyauta. Wani ma ya ce da na kawo shi da an ga zinariya ta cikin ƙasa. Ba ya ganin zinariya. Ba ya ganin aljannu. Abin da mutum ya zuba masa shi yake nunawa, kuma abin da ya nuna mini ina ganinsa ba tare da shi ba. Wanda ke jin kunyar, ya zo ya sauka ramin da leda.

Na kai injin gaban Inna kafin in kai shi daji. Ta shafa tiyon. Ta ce, "Wanga na abin?" Na ce shi ne. Ta ce, "To me kake jira nan?"

Yanzu ina bakin rami a wajen Gwashi. Ba na sauka kuma, ni ke riƙe da inji. Na kafa janareta nesa, ta inda iska ke kwashe hayaƙinsa, kuma ba mai taɓa shi sai ni. Kowace safiya ina tayar da shi, in bar shi ya yi ta hurawa, sannan in zura fitila a guga har ƙasa. Nasiru na tsaye da igiya a ƙugu, yana jira.

In jawo gugan. Fitila na ci.

In ce masa, "Sauka."